Fenti ba ya biyan bashin tarihi

Kowace shekara Yahudawa ƴan asalin Maroko suna tasowa daga Faransa da Kanada da Isra'ila su koma Fas da Marrakesh da Sawira. Suna neman ƙofar gidan kaka a cikin mallah, wato unguwar Yahudawa, suna share kaburbura, suna taruwa a kabarin malaminsu Hayim Pinto. Babu mai hankalin da zai hana jika gaida ƙasar kakansa. Ƙorafinmu yana kan labarin da ake sayar musu, ake kuma sayar wa ƴan ƙasa.

Ma'aikatan yawon buɗe ido sun iya bakinsu. Za su gaya maka Sarki Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ya gina Sawira wajen 1765, ya kira attajiran Yahudawa su riƙe cinikin ayarin Tumbutu. Za su nuna maka Baitul Zakira, gidan tunawa da Sarki Muhammadu na Shida ya ziyarta a 2020. Duk gaskiya ne. Amma a 1948 Yahudawan Maroko sun kai kimanin 250,000, yau ƴan dubbai kaɗan suka rage. Ina suka tafi, me ya tashe su? A nan ɗan rakiya yake haɗiye miyau. Ba ya ambaton kisan da aka yi a Ujda da Jarada a watan Yuni na 1948, ba ya ambaton dubun dubatar da aka kwashe zuwa Isra'ila tsakanin 1961 da 1964. Ana shafa wa majami'a fenti, ana binne dalilin da ya mai da ita kango.

Wasu za su ce tone-tone yana kore baƙi, yana ɓata kasuwa. To, baƙon da ya zo neman kakansa ya riga ya ji labarin a gida. Wanda ake cuta shi ne yaron unguwa, da zai girma yana zaton maƙwabtan kakansa sun tashi haka kawai, kamar tsuntsaye. Tsarin mulkin Maroko na 2011 ya amince da gadon Yahudawa cikin asalin ƙasa, wannan abin yabo ne. Saura a faɗi labarin duka, da daɗinsa da ɗacinsa.

Mu ma malaman lakwal kada mu yi saurin nuna yatsa. Muna karantar da zuwan Shehu Magili Abzin da Kano da Gao, da nasiharsa ga Muhammadu Rumfa. Mu nawa ne ke faɗa wa yara cewa kafin ya ƙetaro hamada, wajen 1492, shi ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawan Tamantit a Tuwat, kuma alƙalin Tuwat ɗin, Al-Asnuni, ya saɓa masa? Faɗin haka ba ya rage darajar malami. Yana koya wa ɗalibi cewa magabata sun yi gardama da hujja, kuma shi ma yana da damar auna maganarsu.