Wayar ɗan ƙasar waje a silima: a rage mata murya, kada a kashe ta

A garuruwan da ke kan babbar hanya mai lamba 1, daga Gidan Rumji zuwa Agye har Gazawa, idan matashi ya ce zai je kallo, gidan kallo yake nufi: rumfar kwano ko ta zana, benci-benci, talabijin ɗaya ko biyu, ga janareto yana ta ruri a bayan katanga. A nan ake kallon wasan Barcelona da Real Madrid, a nan ake kallon fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa da na Kannywood. Surutu kuwa cikin kallon yake. Ana yi wa jarumi kirari, ana tsine wa bos, wanda ya ga fim ɗin jiya yana gaya wa na kusa da shi abin da zai faru. Waya ta yi ƙara, mai ita ya ɗauka ya ce "ina gidan kallo, ɗaga murya," babu wanda zai waiwayo.

Wannan ba abin kunya ba ne. Haka wurin yake, kowa ya shiga ya san abin da ya saya da 'yan kuɗinsa. Matsalar tana farawa ne ranar da yaron da ya tashi a wannan benci ya tsinci kansa a Abijan ko Akara ko Legas, ko ya je karatu Kasablanka ko Istambul ko Faris, abokai suka ja shi zuwa silima. Har a Saudiyya, inda 'yan jihar Maradi suke da yawa, an sake buɗe gidajen silima a watan Afrilun 2018 bayan fiye da shekara 30 suna rufe. A irin waɗannan ɗakuna, duhu da shiru suna cikin abin da mutane suka biya. Wanda ya yanki tikiti mai tsada, ya bar aikinsa, wataƙila ma ya nemo mai riƙe masa yara, ba zai ji daɗi ba idan a tsakiyar fim wani ya fara gaisuwar "ina gajiya, ina gida, ina su inna" da ƙarfin muryar da ake magana da ita a tashar mota. Ko ba a yi magana ba, hasken fuskar waya a cikin duhu yana dukan idon duk wanda ke zaune a baya.

Shawarar da ake haskawa a allo kafin fim ya fara guda ce: kashe wayarka. Mu a nan muna ganin wannan shawara ba a rubuta ta da ɗan Gidan Rumji a rai ba.

Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi don tsere wa 'yan bindiga, kuma gundumar Gidan Rumji ce ta karɓi kaso mai yawa daga cikinsu. Ƙauyukan bakin iyaka sun san satar shanu, sun san sace mutane don kuɗin fansa. Wanda iyayensa ke irin wannan ƙauye, idan ya ga kiran gida da dare, gabansa faɗuwa yake yi kafin ya ɗauka. A Agye da Gazawa, inda rayuwa ta rataya a kan gero da gyaɗa da wake, kiran yana iya zama na mara lafiya da za a ɗauka zuwa asibitin Maradi, ko na rumbun da ya ƙare tun kafin damina ta kai tsakiya, ko na ɗakin da ruwa ya kayar kamar yadda aka gani a ambaliyar 2024. Sau da yawa ɗan da ke waje shi ne asusun gidan. Da shi ake yanke shawara, shi ake jira ya turo ta Nita ko Amana ko Al Izza kafin a sayi magani. Ka ce wa irin wannan mutum ya kashe waya awa biyu da rabi, ka ce masa ya zauna a kan ƙaya ne.

Saboda haka ba za mu ce a kashe ba. Amma tsakanin kashe waya da barin ta tana rera waƙa a ɗaki mai mutum 200 akwai fili mai faɗi. A cire mata sauti, a bar ta a aljihu inda jiki zai ji motsinta, a rage hasken fuskarta tun kafin a kashe fitilu. Wanda ya san yana jiran labari daga gida ya nemi kujerar bakin layi kusa da ƙofa lokacin yankan tikiti, don kada ya tattake ƙafafun mutane goma idan zai fita. Kira ya shigo, a fita a amsa a waje. Minti ɗaya da za a ɓata kafin a kai ƙofa ba zai canza komai a Gazawa ba. Wayoyin zamani ma suna ba da damar a toshe duk kira a bar na mutum biyu ko uku kawai, a ce na mahaifiya da na babban wa. Yawancinmu mun iya sa wa hoto waƙa a TikTok, amma ba mu taɓa buɗe wannan shafi na saitin waya ba.

Mutanen gida ma suna da nasu rabon. Akwai ɗabi'ar nan ta bugawa a katse, a sake bugawa a katse, har sau shida, don kawai a ce "kira ni, ba ni da kuɗi a waya." Wanda ke can bai san ko gaisuwa ce ko mutuwa ba. Ga kuma bambancin lokaci da ba a cika tunawa da shi ba: Jidda tana gaban Maradi da awa biyu, Abijan da Akara suna baya da awa ɗaya, New York tana baya da awa biyar ko shida gwargwadon yanayi. Idan ƙanin da ke riƙe da wayar gida zai fara tura saƙon murya na daƙiƙa goma a WhatsApp, ko ya rubuta kalma biyu, "lafiya lau" ko "kira yanzu", da an rage wa 'yan uwa da ke waje fargaba mai yawa, a silima ne ko a wurin aiki ko a aji. Wannan magana ce da ya kamata kowane ɗan waje ya yi da gidansu tun kafin buƙatarta ta taso.

Me ya sa ƙaramin abu kamar wannan ya isa a yi masa sharhi? Saboda baƙo ba ya yin laifi shi kaɗai. Ɗan gari ya amsa waya a silima, a ce wane ba shi da tarbiyya. Baƙo ya yi, a ce haka mutanen ƙasarsu suke. Ba adalci ba ne, amma duk wanda ya zauna a waje ya san haka abin yake. Kuma gardamar da ta fara da "malam rage murya" tana iya kai wa ga mai gadi, daga mai gadi zuwa ɗan sanda, shi kuwa ɗan sanda takardu zai fara tambaya. Wanda izinin zamansa ya ƙare, ko yake jiran sabuntawa, bai kamata ya sayi wannan haɗari da kiran da zai iya amsawa a bakin ƙofa ba.

Abin da ya fi damun mu ma ba ƙarar waya ba ne, kyamararta ce. Ya zama ruwan dare matashi ya ɗaga waya ya ɗauki wani yanki na fim ya ɗora a shafinsa, don abokai a gida su ga inda ya kai. A idonsa ado ne kawai. A idon doka a wasu ƙasashe, sata ce. A Faransa, tun 2009 doka ta fayyace cewa ɗaukar fim a cikin ɗakin silima, gaba ɗayansa ko wani yanki, laifin satar fasaha ne, kuma hukuncin wannan laifi yana iya kai wa ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 300,000, wato kusan sefa miliyan 197. A Amurka dokar tarayya ta 2005 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga wanda aka kama a karon farko. Ba kowa ake kai wa kotu ba, gaskiya ne, galibi korar mutum ake yi daga ɗakin. Amma ɗalibin da ke karatu da tallafi, ko ma'aikacin da ke neman katin zama, sunansa kawai ya shiga littafin 'yan sanda ya ishe shi tashin hankali.

Mu da muka tashi da fina-finan Hausa ma ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Mun ga yadda kwafi ba bisa ƙa'ida ba, da tura fim daga waya zuwa waya, suka taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan Kannywood, har masu shiryawa suka koma nuna sabbin fina-finai a silima a Kano, daga baya da yawansu suka koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da talabijin. Mai son ya nuna wa 'yan Agye cewa ya shiga silima a Abijan, ga allon tallar fim ɗin nan a bakin ƙofa, ga tikitinsa a hannu. Ya tsaya a nan ya ɗauki hotonsa kafin ya shiga.