Makullin mota: hannun wa za mu danƙa wa amana?

A da in makullin mota ya ɓace, sai a je kasuwa a yanko wani, shi ke nan. Yau zance ya sake. Tun shekarar 1998 ƙasashe irin Jamus da Ingila suka tilasta a sa wa kowace sabuwar mota na'urar hana tashi. Cikin kan makulli akwai wata ƴar ƙwaya mai lambar sirri. In mota ba ta gane lambar ba, inji ba ya tashi. Irin waɗannan motoci ne ake kai wa makanikai a unguwar Zariya ta Maraɗi, su ne kuma ke jigila zuwa Tsibiri da Jiratawa.

Makanikin da ke da na'urar shiga ƙwaƙwalwar mota yana iya ɗora mata sabon makulli. To amma hannun da ya ceci mai mota shi ne ke iya buɗe wa ɓarawo. Ga iyaka kusa: motar da aka sace da safe tana iya wuce Ɗan Isa kafin azahar.

Wasu ƙasashe sun riga sun yi dabara. A Amurka, ƙungiyar NASTF ba ta buɗe wa makaniki hanyar samun lambobin sirri sai ta binciki halinsa ta yi masa rajista. Shi kuma dole ya ga shaidar mallakar mota kafin ya taɓa ta. A Turai, tsarin SERMI da ya soma aiki a 2023 ya raba izini biyu: na gareji daban, na kowane ma'aikaci daban, da sunansa. In an yi ɓarna, an san wanda za a tambaya.

Mu ma muna iyawa daidai ƙarfinmu. Muna kira ga hukumar masu sana'ar hannu, CMANI, da ƴan sanda su zauna da shugabannin makanikai, a fito da katin shaida iri biyu: na maigidan gareji, da na yaron da ke aiki ƙarƙashin lamuninsa. Kada kuɗin katin ya yi tsada, don kada a kori talaka daga sana'arsa. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa tana iya taimakawa da horo.

Kowane gareji kuma ya aje littafi: sunan mai mota, lambar mota, ranar aiki. Ba takardar mota, ba katin ɗan ƙasa, ba makulli. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci, ga inda alƙalaminku zai yi amfani, domin da Hausa ma ana iya riƙe littafin.

Masu motoci, kada ku ji haushi in an ce ku nuna takardu. Dukiyarku ake tsarewa. Makanikai, in ɓera da sata, daddawa ma da wari: wanda ya yi wa ɓarawo makulli abokin satarsa ne. Mu tsare amana, sana'a ta tsare mu.