Gandun Dajin Fisga da Amanar Dukiyar Jama'a

'Yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu ɗauke ku zuwa wuri mai nisa, wato wani gandun daji na gwamnati da ke kan duwatsun ƙasar Amurka, inda jama'a kan tafi su kafa tanti su kwana, su jefa fatsa a ƙorama su kama kifi. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da labarin kwanan daji? Ai duk wanda ya sha tafiyar fatauci ya san kwanan daji wahala ce. Gaskiya ne. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda dajin da aka taɓa cinyewa ƙurmus ya farfaɗo, har ga shi jama'a masu ɗimbin yawa suna shiga kowace shekara suna cin albarkarsa, bai kuwa ƙare ba. A cikin wannan akwai abin lura ga duk wanda aka ba riƙon abin da ba nasa ne shi kaɗai ba.

Sunan gandun Fisga. Yana yammacin jihar Karolina ta Arewa, a kan jerin duwatsun Afalashiya, kusa da birnin Ashbil, faɗinsa kuma ya haura eka 500,000. Ya samo sunansa daga wani dutse da ke cikinsa, wanda Turawa suka raɗa wa sunan dutsen da Ahlul Kitabi ke cewa daga kansa Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya hango ƙasar alkawari. Gandun ya kewaye Dutsen Mitchell mai tsawon ƙafa 6,684, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a gabashin kogin Misisifi. Kafin zuwan Turawa yawancin wannan yanki ƙasar mutanen Charoki ce, waɗanda gwamnatin Amurka ta kwashe mafi yawansu da ƙarfin soja a 1838 ta kai su yamma, dubbai suka mutu a hanya. Ya kamata a faɗi wannan tun farko, domin kada kyan wuri ya mantar da mu haƙƙin masu shi.

YADDA AKA CINYE DAJIN

Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, kamfanonin katako suka faɗa wa waɗannan duwatsu. Suka shimfiɗa layin dogo har cikin kwazazzabai, suka sare manyan itatuwa, suka bar rassa da ƙiraruwa zube a ƙasa. Da waɗannan suka bushe sai gobara ta biyo baya. A 1925 wata gobara ta ci dubban eka a saman duwatsun, ta ƙone har ƙasar da tsiro ke kamawa, aka yi shekaru itace bai sake tsayawa a wurin ba. Kowane kamfani lissafinsa ɗaya ne: in ban sare yau ba, wani zai sare gobe.

Kifi shi ya fara shan wuyar wannan lissafi. Ƙoramun duwatsun nan gidan wani ɗan kifi ne mai ɗigo-ɗigon ja a jiki, daga dangin da ake kira tirawut, kuma shi kaɗai ne ɗan asalin wurin a cikin danginsa. Ba ya jure ruwan da zafinsa ya wuce kimanin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, ba ya kuma zuba ƙwai sai a kan tsakuwa mai tsabta. Da aka sare itatuwan bakin ruwa inuwa ta tafi, rana ta ɗumama ƙorama. Da ruwan sama ya sauka a kan gangaren da ba shi da sutura, sai laka ta gangaro ta binne tsakuwar. Kifin ya ja da baya ya koma can saman duwatsu inda ruwa ke da sauran sanyi. Don cike gurbinsa aka kawo wasu tirawut iri biyu, ɗaya daga yammacin Amurka, ɗaya daga Turai, su ne kuwa suka mamaye manyan ƙoramu har yau.

YADDA AKA DAWO DA SHI

Gyaran ya faro ne daga wani attajiri, George Vanderbilt, wanda ya sayi ƙasa mai yawa kusa da Ashbil. A 1892 ya ɗauki wani saurayi, Gifford Pinchot, wanda ya koyo ilmin kula da daji a Turai, ya ba shi aikin tsara yadda za a riƙa saran itace ba tare da an kashe dajin ba. A 1895 wani Bajamushe, Carl Schenck, ya gaje shi, ya kuma buɗe makarantar koyon aikin daji a 1898, wadda ita ce ta farko a Amurka. Shi kuwa Pinchot, shi ya zama shugaban farko na Hukumar Gandun Daji ta Amurka da aka kafa a 1905.

A 1911 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da Dokar Weeks, wadda ta ba gwamnatin tarayya ikon sayen ƙasa daga hannun masu ita domin kare mafarin koguna. Hujjar a bayyane take: wanda ya sare dajin kan dutse ya taɓa ruwan mutanen da ke ƙasan dutse, ko da bai taɓa ganinsu ba. Vanderbilt ya rasu a 1914, matarsa Edith ta sayar wa gwamnati kusan eka 87,000 a kan kimanin dala 5 kowace eka. A kan wannan ƙasa da wasu da aka saya aka kafa Gandun Fisga a watan Oktoba na 1916, wata uku bayan wata babbar ambaliya da ta ci Ashbil a Yulin shekarar.

ƘA'IDAR SU

To, yaya mai son kifi yake yi a yau? Da farko, duk wanda ya kai shekara 16 sai ya yanki lasin daga hukumar kula da namun daji da kifaye ta jihar. Sannan ba kowane ruwa ake yi wa hukunci ɗaya ba. An kasa ƙoramun kashi-kashi, an kafa alluna masu launi a bakin ruwa domin kada wani ya ce bai sani ba.

Akwai ruwan da hukuma ke zuba wa kifin da ta ƙyanƙyashe a gidajen kiwonta. A nan mutum na iya tafiya da kifi 7 a yini, da tana ko da wani abin yaudara, amma ana rufe ruwan a watan Maris, sai Asabar ta farko a Afrilu a buɗe. Akwai ruwan da kifinsa ke hayayyafa da kansa. A nan 4 kawai aka yarda, kuma duk wanda bai kai inci 7 ba sai a mayar da shi ruwa, ba a kuma amfani da ƙugiya mai baki fiye da ɗaya. Akwai ruwan da ake jinkirta girbinsa: daga 1 ga Oktoba har zuwa farkon Yuni duk abin da aka kama sai a sake shi, ranar buɗewa kuwa yara kaɗai ake bari su yi su daga safe zuwa tsakar rana, kafin manya su shigo. Sai kuma wurare irin su saman kogin Davidson, kusa da garin Brevard, inda ba a fita da kifi ko ɗaya duk shekara. Masuntan wurin sun shahara da ƙudan ƙarya da suke ɗaurawa a ƙugiya da zare da gashin tsuntsu, su jefa shi ya sauka a kan ruwa kamar ƙwaro na gaske. Mutum kan yini a cikin ruwa mai sanyi har gwiwa kafin ya yaudari kifi ɗaya, ya duba shi, ya sake shi.

Hikimar inci 7 ita ce a bar ƙaramin kifi ya girma ya samu zarafin zuba ƙwai. Hikimar ƙugiya mai baki ɗaya ita ce a iya cire ta ba tare da an yi wa kifin mummunan rauni ba. Kowace ƙa'ida tana da dalilin da za a iya bayyana wa talaka ya gane, wannan kuwa yana cikin abin da ke sa a bi doka ko babu mai gani.

ƘA'IDAR ZANGO

Mai son kwana yana da zaɓi biyu. Akwai zangunan da hukuma ta shirya, da ruwan sha da makewayi da murhu, a biya kuɗi a kama wuri. Akwai kuma damar mutum ya goya tantinsa ya nutsa cikin daji ya kwana kyauta a inda doka ba ta hana ba. Amma babu mai zama fiye da kwana 14 a cikin kwana 30, domin kada baƙo ya rikiɗe ya zama mai gida. Ana horon masu zango su nisanci bakin ruwa da ƙafa 200, su haƙa rami su binne bayan gidansu, su fita da duk sharar da suka shigo da ita, kada kuma su bar wuta sai sun taɓa tokar da hannu sun ji ta yi sanyi. Ana kuma horon su kada su zo da itacen wuta daga nesa, saboda ƙwarin da ke ɓuya a cikinsa su kashe itatuwa.

A wani sashe na gandun da ake kira Shining Rock, wanda dokar 1964 ta keɓe a bar shi yadda yake, mota ba ta shiga, keke ba ya shiga, ba a hura wutar itace, ayari kuma ba ya wuce mutum 10. Saboda dabbar nan beyar, wadda Larabawa ke kira dubbu, wajibi ne mai kwana a wurin ya kulle abincinsa a cikin wani gwangwani mai ƙarfi da ba ta iya buɗewa. Dalili shi ne beyar da ta saba da abincin mutane takan daina tsoronsu, ƙarshenta kuwa sau da yawa harbi ne. Sakacin mutum ɗaya sai ya zama ajalin dabbar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

INA KUƊIN KE TAFIYA?

A nan muke roƙon ma'aikata su buɗe kunne. A 1950 aka yi Dokar Dingell-Johnson, wadda ta keɓe harajin da ake karɓa daga masu ƙera kayan su da masu shigo da su, kashi 10 cikin 100 a kan yawancinsu, domin gyaran ruwa da kiwon kifi. Ana raba kuɗin ga jihohi gwargwadon faɗin jiha da yawan masu lasin a cikinta. Amma akwai sharaɗi: jihar da ke son kasonta sai ta yi dokar da ta hana karkatar da kuɗin lasin zuwa wani aiki daban. Saboda haka masunci ya san abin da ya biya zai dawo masa a ƙorama. Ɗan kasuwan da ke sayar da fatsa shi ma ya san ribarsa ta baɗi tana rataye da kifin da aka bari bana.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Musulmi. A zamanin Jahiliyya mai ƙarfi kan keɓe makiyaya don dabbobinsa shi kaɗai. Musulunci ya soke wannan, ya bar keɓewa, wadda malamai ke kira hima, sai don amfanin jama'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i don dawakin Musulmi. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya keɓe Rabaza, ya kuma umurci mai tsaron himarsa da ya sassauta wa jama'a, ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga, ya yi hattara da garkunan attajirai, domin attajiri in dabbobinsa sun halaka yana da gona da dabino, talaka kuwa ba shi da madogara. Ba muna cewa Amurkawa daga nan suka koyo ba. Muna cewa ne abin da suka gano bayan sun yi hasarar dajinsu, mu an riga an koya mana shi. A gida ma, masuntan Argungu sun daɗe da sanin hana su a Matan Fada har sai ranar da aka buɗe ruwa, shi ya sa ake samun manyan kifin da ake alfahari da su.

Kada a ɗauka aikin Fisga ya ƙare. Wani ɗan ƙwaro da ya shigo daga Asiya ya kashe ɗimbin itatuwan da ke yi wa ƙoramu inuwa. A watan Satumba na 2024 guguwar Helene ta kawo ambaliyar da ta kashe fiye da mutum 100 a jihar, ta zabtare gangaren duwatsu, ta kayar da itatuwa, ta yanke hanyoyi a cikin gandun. Daji ba ya tare kowace ambaliya, kuma abin da aka gyara a shekara 100 yana iya lalacewa a dare ɗaya. Sai dai wanda ya adana yana da abin da zai sake ginawa a kai.

Saboda haka kiranmu ga ma'aikaci, ko malamin daji ne ko akawun baitulmali, ya tuna cewa takardar izni da ya sa wa hannu da kuɗin da ya karɓa amana ce da za a tambaye shi. Ɗan kasuwa kuma, mai sayen katako da gawayi da kifi, ya riƙa tambayar inda kayan suka fito da yadda aka same su, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Mai gida ya koya wa ɗansa mayar da ƙaramin kifi ruwa tun yana yaro.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa mu bar wa na baya abin da za su yi mana addu'a a kansa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.