Fagen Ɗalibai: Ba Mu da Teku, Amma Mun Kwana a Gaɓa

Da fatan an fara bitar littattafai, ba a jira sai daren jarrabawa ba.

Wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare ya rubuto mini daga Gaya yana ƙorafi. Ya ce a littafinsu na Turanci sun karanta labarin wasu yara da suka yi hutu a bakin teku, suna kafa tanti a kan rairayi, yau su kwana a nan, gobe su yi gaba, suna biyawa gidajen abokansu a hanya. Shi kuwa, in ji shi, hutunsa bai wuce tsakanin gona da shagon yayansa ba, teku ma a waya kawai yake ganinsa. Ya rufe wasiƙar da tambaya: "Malam, mu sai yaushe?"

Ƙanena, teku kam ya yi mana nisa. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuɗin motar kuwa ba na aljihun ɗalibi ba ne. Amma gaɓa tana kusa da kai. Ruwan nan da kake tsallakewa a gadar Wudil duk sanda za ka shiga birni, kogin Kano ne da na Challawa suka haɗu kafin su iso wurin. Daga Wudil sai ya bi ta gefen ƙasar Ajingi, ya shiga Jigawa ta Ringim, ya wuce Haɗeja, ya haɗu da kogin Jama'are a wajen Gashuwa, sannan ya zama kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Wato ruwanmu ko hanyar teku bai sani ba, gabas ya sa gaba. A gaɓarsa muka kwana biyu a hutun Disambar bara, ni da wani abokin aikina da ɗalibai bakwai.

Kada ka zaci wani babban shiri muka yi. Ita kanta ƙungiyar sikawut da ake ji da ita a duniya, da yara 20 ta fara, lokacin da Baden-Powell ya kai su zango a tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila a watan Agustan 1907. Mu tamfol biyu muka aro daga wani mai sayar da hatsi, muka haɗa da igiya, tabarmi, barguna, gidan sauro, tocila, tukunya ɗaya da butoci. Guzuri kuwa garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli da sukari da ganyen shayi da taliya. Hanyar ma ba daga taswira muka fitar da ita ba. Na tambayi yaran garuruwansu, muka jera gidajen uku daga cikinsu, ta nan muka bi. Kowane uba sai da ya sa hannu a takarda, ya kuma karɓi lambar wayata.

Daren farko a cikin garin Gaya muka yi shi, a zauren gidan su ɗaya daga cikin yaran. Kakansa ya zaunar da mu bayan isha'i ya maimaita mana abin da kowane Bagaye yake alfahari da shi: cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suna neman tama daga Gaya suka tashi, su ne ake kira Abagayawa. 'Yan birnin cikinmu suka so yin gardama, tsohon ya ce su koma gida su tambayi nasu kakannin. Kashegari muka tsaya cin abincin rana a gida na biyu a kan hanyar Ajingi, aka cika mu da dambu da fura. Da la'asar sakaliya muka sauka a wani ƙauye na bakin kogi, garin su yaro na uku.

Wannan yaron shi ne dalilin rubutun nan. A aji ba a jin muryarsa. In an yi tambaya sai ya sunkuyar da kai, Turanci yana ba shi wuya, kuma ni da hannuna na sha rubuta masa "a ƙara ƙoƙari" a katin sakamako. Abokansa kan tsokane shi da warin kifi. Gaskiya don garinsu yana bakin ruwa na sa shi cikin tafiyar, ban sa ran komai daga gare shi ba.

Muna sauke kaya na ce a wuce gaɓa kafin rana ta faɗi. Sai ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, a yi haƙuri, sai an fara gaida dagaci." Ya yi gaskiya, ni ne gaggawa ta ɗebe ni. Mahaifinsa ya yi mana jagora, muka tuɓe takalma, muka zube muka yi gaisuwa. Dagacin ya tambayi sunan makarantarmu, da yawanmu, da ranar da za mu tashi. Ya aika aka kira shugaban 'yan sintiri ya gan mu ido da ido. Sannan ya ce, "Malam, da kun kunna wuta a gaɓa cikin dare ba mu san da ku ba, da ba gaisuwa za ta fara kai muku ba." Na ce, "Allah ya ja zamaninka, mun gode." Ku riƙe wannan da kyau. A yanayin da ake ciki, baƙin fuska tara da tamfol a bayan gari ba 'yan yawon buɗe ido za a ɗauke su ba.

Da muka isa kogin na hango wani fili na farin yashi a tsakiyar gaɓa, shimfiɗe kamar an share, ruwa na gudana a gefensa. Na ce to ga bakin tekunmu, a kafa a nan. Yaran suka yi ta murna. Shi kaɗai bai ajiye kayansa ba. Ya ce wurin ba ya kwanuwa, ya kuma kawo dalilansa ba tare da in-ina ba, abin da ban taɓa ji daga bakinsa a aji ba. Ya ce sanyin hunturu a ƙasan kogi yake kwana, kafin asuba raɓa za ta jiƙa barguna. Ya ce ruwan yakan ƙaru cikin dare ko da ba a yi ɗigon sama ba. A nan sai da na ji kunya, domin ni nake koya musu cewa an gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma yawancin ruwan da ke bin kogin da rani daga can ake sako shi. Na san shekarun, amma ban taɓa haɗa su da inda mutum zai shimfiɗa tabarmarsa ba. Daga ƙarshe ya nuna mana sawu a kan yashin ya ce mashayar shanu ce.

Muka hau tudu, muka ɗaure tamfol tsakanin wata tsamiya da turaku biyu. Ya sa aka share ganye tas saboda kunama da maciji, ya ce kowa ya kakkaɓe takalminsa da safe kafin ya zura ƙafa. Duk da muna tudu, sanyin daren nan sai da ya sa manyan samari suka cure wuri guda kamar 'yan tsaki. Gari na wayewa muna shan shayi, sai ga garken shanu ya gangaro ta burtali, ya bi ta kan farin yashin nan daidai inda na ce a kafa. Abokin aikina ya dube ni ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Yaran dai sun yi mini kara, ba su ce komai ba.

Yinin ranar ya yi daɗi. Mun zaga lambunan fadama, inda injinan ban-ruwa ke ta ƙara, ga tumatir da albasa da tattasai. Mun ga masunta suna duba mali, yaron yana faɗa mana sunan kowane kifi, wannan tarwaɗa, wancan karfasa. Wani mai kwale-kwale ya ce zai tsallakar da mu gaba ɗaya a sahu guda, na ƙi. Ban manta da hatsarin Bagwai na ƙarshen Nuwambar 2021 ba, inda jirgin da ya ɗauko mutane daga Badau ya kife, aka rasa fiye da mutum 20, yawancinsu 'yan Islamiyya. Jirgin da babu rigar ruwa, aka kuma cika shi, ba na sa ɗan wani a ciki.

Dokata tun daga gida ita ce babu wanka a kogi. Ban da nutsewa, akwai tsargiya. Tsutsar da ke kawo ta a jikin dodon koɗi na ruwa take girma, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, sai bayan makonni ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Har yanzu akwai samarin da ke ɗaukar wannan alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, ciwo ne, yana kuma lalata mafitsara in an bar shi. Maganinsa Praziquantel, wanda akan raba a makarantu. Duk wanda ya ga alamar ya faɗa a gida a kai shi asibiti, babu abin kunya a ciki.

Dokar ta hana wanka, amma ba ta hana wanke tukunya ba, kuma ta nan abin ya zo. Da safiyar ranar da za mu tashi, ɗaya daga cikin 'yan birnin ya ɗauki tukunya ya gangara. Ruwan bakin gaɓa iya idon sawu ne, sai ya ƙara taku uku don ya sami mai tsabta. A taku na huɗu ya ɓace har kai. Ashe rami ne da masu ɗibar yashi suka haƙa, ruwa ya rufe shi, daga sama ba ka bambanta shi da sauran wurin. Ina tudu ina naɗe tamfol na ji ihu. Kafin in iso, yara biyu sun yunƙura za su faɗa, ɗan garin ya daka musu tsawar da ban san yana da ita ba. Bai shiga ruwan ba. Ya fizgi doguwar gorar da muka tokare tamfol da ita, ya kwanta rub-da-ciki a kan yashi, ya miƙa, ya ce wa sauran su riƙe ƙafafunsa. Da yaron ya ɗago karo na biyu ya cafki gorar, aka jawo shi yana tari yana aman ruwa. Tukunyar dai tana can har yau.

Daga baya na tambaye shi me ya hana shi faɗawa, alhali ya fi kowa iya iyo. Ya ce, "Malam, wanda ruwa ya ci ba ya gane ɗan'uwa, duk abin da ya kama danne shi yake yi. Haka Baba ya koya mana." Hannuna bai daina rawa ba har muka kai yaron wurin ma'aikacin lafiya ya duba ƙirjinsa. Laifin nawa ne. Na kafa doka a kan abin da na sani, ban tambayi ɗan gari abin da ban sani ba, alhali kwana biyu yana nuna mini cewa ya fi ni sanin wurin.

Akwai wani kuskuren kuma da ya kamata mai shirin irin wannan tafiya ya guje masa. A gida na uku an yanka mana kaji biyu, kuma daga ganin gidan ka san ba kullum ake yin haka ba. Mahaifiyar yaron ta leƙo daga bayan ƙyaure ta ce, "Malam, ku yi haƙuri da abin da ya samu." Mu kuwa tsarabar da muka riƙo ba ta wuce sabulu da ɗan sukari ba. Baƙi tara nauyi ne. In za ku je gidan aboki, ku sanar da wuri, ku rage yawa, ku tafi da awonku na shinkafa ko taliya da mai ku miƙa cikin gida tun da isarku, kada kuma ku zarce kwanan da kuka faɗa.

'Yan mata biyu sun tare ni a makaranta suna tambayar nasu rabon. Kwanan gaɓa dai ban ga iyayen da za su yarda ba, ni ma ba zan nema ba. Amma fita ta yini guda tare da malamai mata, a ga fadama a gaida ƙawaye a dawo kafin magariba, wannan mai yiwuwa ce, kuma mun fara maganarta da hukumar makaranta.

Abu mafi wuya a tafiyar duka shi ne tsayawa gaban mahaifin yaron da ya faɗa ruwa. Abokin aikina ya ce tunda lafiya ƙalau aka dawo a bar maganar, na ce a'a, gara ya ji daga bakina. Na same shi a ƙofar gida bayan magariba na faɗa masa komai, har da inda na gaza. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tambaya, "Ɗan wane ne ya ciro shi?" Ranar Juma'ar da ta biyo baya ya ɗauki ɗansa a babur, suka ɗaure buhun shinkafa a baya, suka tafi ƙauyen. Da aka koma makaranta na ga su biyun sun haɗa benci, ɗaya yana koya wa ɗaya Turanci. A darasinmu na kogunan Arewa kuwa, na miƙa wa ɗan garin alli na koma bencin baya na zauna.

Mai wasiƙa daga Gaya, ka duba ajinku, da wuya a rasa ɗan bakin kogi a ciki. Ka fara da tambayarsa, sannan ku nemi malamin da zai raka ku, kuma ku bari sai ruwa ya janye, kada ku kuskura ku je da damina. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.