Iskar da ake ƙonawa kuɗin jama'a ce

Tun watan Nuwamba na 2011, lokacin da matatar SORAZ ta fara aiki a jihar Damagaram, Nijar ta shiga sahun ƙasashen da ke tace mansu da kansu. Matatar tana da ƙarfin tace ganga 20.000 a kowace rana. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke riƙe da kashi 60 cikin 100, gwamnati kuwa kashi 40. Ke nan riba ko hasara, talaka yana da rabonsa a ciki. Shi ya sa maganar iskar haidurojin, wadda ake ɗauka ta injiniyoyi ce kaɗai, ta shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci.

Ɗanyen mai, komai kyansa, yana ɗauke da farar wuta. In an bar ta cikin gazuwal, tana cin injin mota, hayaƙinta kuma yana cutar da huhu. Don a cire ta, sai a gama man da haidurojin cikin zafi da matsi mai tsanani, iskar ta kama farar wutar ta fita da ita. Sai dai aikin ba ya cinye iskar duka. Ragowarta tana fitowa gauraye da wasu iskoki, kuma a matatu da dama cikin tanderu ake tura ta, ko a ƙone ta a bakin dogon bututun nan mai harshen wuta.

Wannan almubazzaranci ne, domin haidurojin ba kyauta ake samun ta ba. Galibi da iskar gas da tururi ake yin ta, kowane kilo ɗaya kuma yana sakin kusan kilo 9 na hayaƙin kabon. A 2022 matatun duniya sun yi amfani da kimanin tan miliyan 40. Dabarun ceto ta kuwa sun daɗe. Akwai tukwanen ƙarfe cike da gari mai tsotse sauran iskoki ya bar haidurojin ta wuce, tsarkinta ya haura kashi 99 cikin 100. Akwai kuma rariya mai siraran zaren roba, wadda haidurojin ke ratsawa da sauri fiye da sauran. Abin da aka ceto sai a mayar da shi bakin aiki.

A Fabrairun 2020, ministocin CEDEAO suka amince a Wagadugu cewa kada farar wuta ta wuce kashi 50 cikin miliyan a cikin mai, aka ba matatun yankin wa'adi zuwa 2025. Turai kuwa a kan 10 ta tsaya tun 2009. Gaskiya ne Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma ficewar ba ta canza huhun yaron Maraɗi ba, balle injin babbar motar da ke jigila zuwa Agadas. Kuma mai son sayar wa maƙwabta gazuwal dole ya cika sharaɗinsu. Tsabtace mai yana neman ƙarin haidurojin, wadda ta fi arha kuwa ita ce wadda aka hana ta ƙonewa.

Saboda haka ya kamata ofishin ministan man fetur ya riƙa bayyana wa jama'a, shekara bayan shekara, yawan farar wutar da ke cikin man da ake sayar musu, da yawan iskar da ake ƙonawa. Kazalika, tun da a 2024 an sa hannu kan yarjejeniyar gina wata matata a Dosso, a rubuta na'urorin ceto haidurojin cikin sharuɗɗan kwangila kafin a aza tubalin farko. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Wanda ya bari sai an gama gini, kuɗinsa ninki zai biya.