Tsutsar siliki da injin niƙa: binciken da muke yi wa dariya

Kai da ke riƙe da waya yanzu, ka taɓa cin karo da labarin wani masani da ya ƙarar da shekaru yana nazarin tsutsa? Na san abin da za ka rubuta a ƙasa: “Mutane na fama da tsadar masara, shi yana wasa da tsutsa!” To, ɗan dakata.

A 1865 cuta ta riga ta daɗe tana addabar tsutsar siliki a Faransa, manoma sun shiga uku. Louis Pasteur ya duƙufa a kai, ya nuna musu yadda za su duba uwar da madubin ƙara girma, su zubar da ƙwan wadda ta kamu. Sana’ar ta farfaɗo. A 2004 kuma masana a Sin da Japan suka fitar da taswirar ƙwayoyin gadon wannan tsutsa, domin a gane abin da ke sa zarenta ƙarfi da abin da ke kashe ta. Yau Sin da Indiya ne kan gaba a silikin duniya. Ba sa’a ba ce, bincike ne.

Ka san mu ma muna da namu silikin? Tambayi kaka labarin rigar tsamiya. Wata tsutsar daji ce ke cin ganyen tsamiya, su taru su saƙa gida ɗaya. Mata su dafa shi da toka, su kaɗa zare, a yi wa manyan riguna aiki da shi. Kakanninmu sun san wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. Mu da muke da digiri fa, me muka ƙara a kai?

Haka batun inji. Akwai fannin ilimi guda da aikinsa kawai lissafin tsawon lokacin da inji ke aiki kafin ya lalace, wane ɓangare ne ke fara ci, kuma yaushe ya kamata a canza shi. Ka ga kamar ba ruwanka. Amma ka tuna ranar da injin niƙan unguwarku a Bungudu ya tsaya, aka jera kwanuka har magariba. Ka tuna mai noman rani a bakin gulbi da injin ban ruwansa ya mutu ana tsakiyar zafi. Kwana uku ana neman kayan gyara a Gusau, albasa ta riga ta kwanta. Masaƙar Gusau ma da ta ciyar da gidaje da yawa ta daɗe da yin shiru. Rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri sun taka rawa, tsofaffin injuna ma sun taka tasu.

Ba makarantu muka rasa ba. Ga Jami’ar Tarayya ta Gusau tun 2013, ga kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙaura Namoda, ga ta Abdu Gusau a Talata Mafara. Ga TETFund da ke ba malamai kuɗin bincike. Matsalar ita ce ɗalibi ya kai ajin ƙarshe, ya sauke aikin wani daga intanet, ya canza suna, a ɗaure, ƙura ta rufe. Wallahi asara ce, ta kuɗin iyaye da ta ƙwaƙwalwa.

Za ka ce babu tsaro, babu kayan aiki. Gaskiya ne, babu mai tura ka daji a halin da ake ciki, kuma gwamnati na da nata laifin. Amma littafi da biro sun isa ka zauna da masu injin niƙa goma na wata shida, kana rubuta abin da ya lalace, da ranar, da kuɗin gyara. Wayarka ta isa ki naɗi bayanin tsohuwar da ta iya zaren tsamiya, ’yar’uwa, tun kafin ta tafi da iliminta.

Da wannan lissafi bakanike zai san kayan da zai ajiye a shago, mai inji ya san ranar gyara tun kafin ya tsaya. Idan lokacin zaɓen taken bincikenka ya zo, fara leƙa bayan gidanku.