Furen Shinkafa Da Irin Manomi

Jama'a, ko mun taɓa tambayar kanmu dalilin da ya sa manomin fadamar Argungu ke ɗebe iri daga rumbunsa shekara da shekaru, shinkafarsa kuwa ba ta sāke kama? Asirin yana cikin furenta. Namiji da mace suna cikin ɓawo guda, furen kan buɗe na ɗan lokaci da hantsi, ya yi wa kansa barbara, ya rufe. Masara da gero ba haka suke ba, iska ce ke kai musu ƙurar furen maƙwabta.

A shekarar 2005 masana na ƙasashe da dama suka kammala karanta dukan ƙwayoyin gadon shinkafa, waɗanda ke jere a kan zare 12. Tun daga nan ake ta bin sawun waɗanda ke riƙe da wannan hali, ana sa musu alama kamar garuruwa a taswira. A Japan an gano wadda in ta sauya, furen ba ya buɗewa sam. Wasu kuma akasin haka suke nema. Sun koma ga shinkafar daji ta Afirka, mai doguwar tsinkar fure da ke leƙowa waje, don su sa ta gida ta karɓi ƙurar wata.

Me ya sa? Domin aure tsakanin iri biyu yana ƙara yabanya. Yuan Longping na ƙasar Sin ya tabbatar da haka a shekarun 1970, mutane da yawa kuwa suka ƙoshi. Ba mu raina wannan ba ko kusa. Amma fa irin da aka samu ta wannan hanya, in aka sāke shuka 'ya'yansa sai su rarrabu, wani dogo wani gajere, albarka ta ragu. Ke nan tilas kowace damina manomi ya kwance bakin aljihu. Wanda ya ci bashin taki, ina zai sami na iri?

Ra'ayinmu shi ne masu bincike na Badeggi su fi ba da ƙarfi ga irin da talaka zai iya ajiyewa. An yi haka da NERICA, wadda Monty Jones ɗan Saliyo ya haɗa daga shinkafar Afirka da ta Asiya. Sabon iri mai aure kuwa, a sayar wa mai so, amma malaman gona su gaya masa tun a bakin awo cewa na shuka ɗaya ne.